Tsakanin kibod da tulun Zumuntar Mata: amsa ga sabon shugaban mawaƙa

Tambaya: Baba, ina gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Dattawan ikkilisiyarmu a nan cikin garin Gombe sun ɗora mini kula da sha'anin waƙa, wato kwaya da band da tsarin waƙoƙin ranar Lahadi. Na tarar da rigima. Matasa suna cewa Littafin Waƙoƙi ya tsufa, yana kashe sujada. Iyayenmu suna cewa band ta mai da majami'a gidan rawa, ƙara ba ta barinsu su ji komai. Ga mai kaɗa mana kibod ya ce in ba za a riƙa biyansa ba zai koma wata coci. Wa ke da gaskiya, kuma ta ina zan fara?

Amsa:

Ɗana, na amsa gaisuwarka, Ubangiji ya ba ka hikima. Rigimar da ka tarar ta girme ka, ni ma ta girme ni, kuma da wuya ka sami majami'ar da ta sayi lasifika, daga Tunfure har Billiri, wadda ba ta ɗanɗana ta ba. Ma'aunin da nake aiki da shi wajen koyar da mawaƙa guda ɗaya ne: ranar Lahadi, wa ake ji? In muryar taron jama'a ce ke cika ɗakin, kayan kiɗa suna tallafe da ita, aikinka yana kan hanya, da kibod ne ko da tulu. In kuwa mutum biyar ne ke waƙa a gaba, sauran ɗaruruwan suna tsaye suna kallo, akwai gyara, ko da daga Littafin Waƙoƙi aka ɗauko waƙar.

Saboda haka Lahadi mai zuwa kada ka hau gaba. Ka ba wani makirufo, ka koma bencin baya, wajen iyaye mata masu goyo da tsofaffin da ke zuwa da sanda, ka dubi bakin mutane. Akwai waƙar da za a ɗauka ɗakin ya amsa gaba ɗaya har ka ji a ƙirjinka. Akwai wadda za a ɗauka sai layin matasa na gaba kaɗai, sauran suna tafi don kada a ce ba su yi ba. Akwai kuma lambar da mai jagorar sujada zai kira daga littafi, tsofaffi su ja ta su kaɗai, matasa suna duba waya. Ka rubuta su duka, kowace da sunanta, a sujadar Hausa da ta Turanci in kuna da ita. Takardar nan za ta yi maka amfani fiye da zaman sulhu, domin za ta nuna maka cewa kowane ɓangare yana da waƙoƙin da jama'a suka riƙe, yana kuma da waɗanda haƙuri kawai ake yi da su.

Ba ni na ƙago wannan ma'auni ba. Buɗe Kolosiyawa 3:16 da Afisawa 5:19. A wuraren biyu Bulus da ikkilisiya duka yake magana, yana cewa su koyar da juna, su gargaɗi juna, su yi zance da juna da zabura da waƙoƙin yabo da waƙoƙin ruhu, suna yi wa Ubangiji daga zuci. Waƙar sujada tana hawa wurin Allah, tana kuma shiga kunnen wanda ke zaune kusa da kai. Gwauruwar da ta buɗe baki ta rera cewa Allah mai aminci ne, saurayin da ke bayanta ya san abin da ya same ta bara, kuma wa'azin da ya ji daga bakinta fasto ba zai iya yi masa irinsa ba. In lasifika ta shanye muryarta, an yi asarar wannan wa'azi. A 1 Korintiyawa 14:15 Bulus ya ƙara da cewa zai yi waƙa da ruhu, zai kuma yi da hankali, wato mai rerawa ya san abin da yake faɗa.

Mutanen karkara sun san makaɗin gayya. Yana buga gangar noma ne don garma ta riƙa sauka tare, aiki ya ci. Komai gwanintarsa, ranar da manoma suka ajiye garma suka kewaye shi suna kallo, mai gona bai ci riba ba. Matsayinka ke nan kai da 'yan band da kwaya.

Yanzu ga abin da ya kamata ɓangarorin biyu su sani game da tarihin abin da suke faɗa a kai. Waƙoƙin da iyayenmu ke karewa su ma sun taɓa zama sababbi, an kuma yi rigima a kansu. A birnin Janiba na ƙasar Switzerland zamanin John Calvin, ɗaya daga cikin jagororin gyaran ikkilisiya, a ƙarni na 16, Zabura ake rerawa da baki zalla, babu kayan kiɗa a majami'a. Da Isaac Watts, marubucin waƙoƙin sujada, ya fitar da waƙoƙinsa a Ingila a 1707, akwai ikkilisiyoyin da suka ƙi su, don a ganinsu waƙar da ɗan Adam ya tsara ba ta isa ta tsaya kusa da Zabura ba. Da yawa cikin muryoyin da muke rerawa daga littafinmu sun zo ne daga Ingila da Amurka, wasu daga tarurrukan farkawa na ƙarni na 19, kuma a zamaninsu akwai masu ganin sun yi sauƙi da yawa, ba su da nauyin da ya dace da ɗakin Allah.

A nan gida, 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) sun iso ƙasar nan a 1893, suka kafa tasha a Kaltungo a 1917. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, ECWA, ikkilisiyar da ta fito daga aikin SIM, ta tsaya da ƙafarta a 1954. A farkon wannan tafiya ganga ba ta da wuri a sujada a wurare da yawa. 'Yan mishan suna zarginta, sababbin masu bi na farko kuma sun fi su zarginta, domin sun san wane kiɗa ake yi a wajen tsafi, wane ake yi a wajen shan burkutu, ba sa son abin da zai tuna musu inda suka fito. Kada ka raina su a kan haka, sun san abin da suka guda. Amma ka lura da waɗanda suka dawo da kiɗan gida cikin majami'a: Zumuntar Mata, da tulunsu da ƙwaryarsu da kacau-kacau, suna tsara waƙa a kan labarin Littafi, ɗaya ta ba da waƙa sauran su amsa. Sai 'yan Sabon Rai, wata ƙungiyar masu bishara, tun daga shekarun 1960, suka ɗauki ganga suka shiga ƙauyuka da bishara. Tsohuwar da ke toshe kunne yau saboda jita, mai yiwuwa a ƙuruciyarta an harare ta saboda tulu. In ka tuna mata cikin ladabi za ta yi dariya, ta kuma ba ka labari.

Mu zo kan kukan matasa, cewa littafin yana kashe sujada. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma dalilinsa na sana'a ne. Hausa tana da gaɓa mai nauyi da marar nauyi, tana da dogon wasali da gajere, tana da karin sauti mai hawa da mai sauka da mai faɗuwa. Rubutacciyar waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa ake ɗora ta, mawaƙan baka kuma muryarsu tana bin hawa da saukar magana. Waƙar Turanci kuwa adadin gaɓoɓi take ƙirgawa, da inda ake danna murya. Masu fassara na farko, Allah ya sāka musu, sun ɗauki murya da aka riga aka ɗinka wa Turanci suka zuba mata Hausa, gaɓa a madadin gaɓa. Shi ya sa za ka ji an ja gajeren wasali har numfashi ya ƙare, an haɗiye dogo, murya ta hau a inda magana ke sauka. Kunnen mai jin Hausa yana jin abin bai zauna ba ko da ba zai iya faɗin dalili ba. Ƙari a kan haka, yawancin waƙoƙinmu na gargajiya a kan sauti biyar suke tafiya, do re mi so la. In waƙar littafi ta bi ta kan fa ko ti, jama'a sukan lanƙwasa ta zuwa inda bakinsu ya saba, mai kibod kuma yana buga abin da ke rubuce, sai a yi ta ja-in-ja ba wanda ya san da ita.

Sai matsalar jan waƙa, wadda mu muka jawo ta, ba littafin ba. An bar waƙar nasara ana rera ta kamar ana rakiyar gawa, don babu wanda ke riƙe da bugun. Kowane baiti ya fi na baya nauyi, kafin a kai na huɗu rabin ɗakin ya zauna a zuci.

Duk da haka ba zan yarda ka ajiye littafin ba, kuma dalilina abin da ke cikinsa ne. Waƙa mai baiti huɗu ko biyar tana iya ɗaukar mutum daga zunubi zuwa gicciye, zuwa tashin Almasihu, zuwa begen dawowarsa. Amshi mai layi biyu ba zai iya ba, ko sau talatin aka maimaita shi. A Kubawar Shari'a 31, da Allah ya so ya bar wa Isra'ila shaidar da ba za ta fita daga bakin zuriyarsu ba, waƙa ya ce wa Musa ya rubuta ya koya musu. Duk wanda ya taɓa zama a bakin gadon tsoho mai jinya ya ga wannan da idonsa: sunan jikoki ya ɓace masa, amma ka ɗauko waƙar da ya koya a ajin baftisma, sai ka ga leɓe yana motsi. Abin da ka sa a bakin yaran majami'arku bana, da shi za su tsufa.

Gyaran ba shi da wuya. Kafin a rera, a karanta baiti ɗaya da baki kamar magana, a ji ma'anarsa, domin akwai tsofaffin kalmomin da yaran birni ba su sani ba. A ɗauki waƙar da saurin da mutum zai iya kai ƙarshen layi da numfashi ɗaya. A bar tulu ko ƙaramar ganga ta riƙe bugu a ƙarƙashi, yawancin waƙoƙin suna karɓa. Mai kibod ya kashe kiɗan nan da aka ɗura a cikin na'urar, ya bi jama'a da hannunsa, don na'ura ba ta san cewa mutane suna numfashi ba. Inda kuma murya ta ƙi zama da kalmomin sam, ka ba matasanka masu baiwa aikin ɗinka wa tsofaffin kalmomi sabuwar murya ta gida. Su fara faɗin layin da baki sau da yawa, su ji inda yake hawa da inda yake sauka, sa'an nan su nemo murya daga nan. In sun gama su kai wa Zumuntar Mata. In matan suka kama ta a zama ɗaya, ta yi.

Kukan iyayenmu kuma, na ƙara, gaskiya ne tsantsa, ba tsufa ba ne. Yawancin majami'unmu bulo ne da siminti da rufin kwano, babu abin da ke shanye sauti, komai ya fita sai ya dawo. A irin wannan ɗaki gangunan band su kaɗai, ba tare da makirufo ba, sun isa su cika shi. Sai mai kibod ya ƙara nasa don ya ji kansa, mai jita ya ƙara, mai waƙa ya yi wa na kan na'ura alama da yatsa sama. Masana lafiyar kunne sun ƙayyade cewa ƙarar da ta kai desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) mutum zai iya zama cikinta awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A desibel 100 minti 15 ne kawai. Akwai manhajar waya da ke auna wannan, ko ba ta yi daidai ƙwarai ba za ta ba ka haske. Ka auna a inda yara ke zama, domin sau da yawa su ake jerawa a gaba, a bakin lasifika. Gwajin da ya fi sauƙi ma shi ne: in kana tsakiyar ɗaki kana waƙa ba ka jin muryarka da ta na kusa da kai, a rage. Mutumin da ba ya jin kansa yakan daina waƙa, haka jikin ɗan Adam yake. Wanda ke zaune a kan na'urar haɗa sauti yana cikin mawaƙanka, ya riƙa zuwa koyo tare da ku, kuma a ajiye shi a inda jama'a suke, ba a lungun bayan bagadi ba.

Abu na biyu da ke rufe bakin jama'a, tsayin murya. Matasa suna koyon waƙa daga YouTube, su ɗauke ta a daidai inda mai faifan ya ɗauka, alhali shi ya zaɓi wurin da muryarsa ta fi fita ne. Taron da ya haɗa maza da mata da yara da tsofaffi, da sassafe, iyakarsa daga C ta ƙasa zuwa wajen D ta sama, wato daga do zuwa do da ɗan ɗoriya. In ka ga maza sun yi shiru a amshi, ko suna lalube a ƙasa, waƙar ta yi sama. A sauke ta. Mai ba da waƙa zai ce ba ta yi masa daɗi a can, ka ce masa ya yi haƙuri. Haka nan yawan lanƙwasa murya da ƙawa: in kai kaɗai ne a waƙa ta musamman, bismillah, amma in jama'a kake ja, ka ba su layin a miƙe yadda za su iya bi.

Sai harshe. Majami'a a cikin Gombe ta tara Tangale da Waja da Tula da Tera da Cham da Dadiya da Lunguda, ga waɗanda aiki ya kawo daga Filato da Kudu. Hausa ce ke haɗa mafi yawansu. In an kwashe rabin sa'a ana yabo da Turanci a sujadar Hausa, kakar da ta zo daga Balanga jinyar jika an bar ta a waje tana cikin ɗaki. Ban hana waƙar Turanci ba, yaranmu da ita suke tashi, amma a san gwargwado. Kuma ina son majami'ar da ke ba ƙungiyoyin yare fili. Sai dai kafin su fara, wani ya faɗi ma'anar waƙar da Hausa a layi biyu, a kuma koya wa kowa amshin. Ranar da mutumin Waja ya amsa waƙar Tangale, an yi wani aiki da taron dattawa ya daɗe yana nema.

Akwai abin da ban ji ka ambata ba, kuma ya fi damuna a kan ƙara. Ka tattara waƙoƙin da kuka rera cikin wata uku da suka wuce, ka karanta kalmominsu a zaune, babu kiɗa. Ka ɗauka akwai mutumin da bai iya karatu ba, duk abin da ya sani game da Allah daga waɗannan waƙoƙi ya samo. Me zai sani? A wurare da yawa zai san cewa Allah yana ba da ɗaukaka da buɗi, yana kunyata maƙiya, kuma bana shekararsa ce. Zai ji kaɗan game da tuba, da gicciye, da gafarta wa wanda ya cuce ka, da mutuwa. Alhali Zabura, littafin waƙoƙin da Yesu da kansa ya rera, cike take da kuka. Zabura 13 tana tambayar Allah har yaushe. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare cikin duhu, ba a kuma cire ta daga Littafi ba. Mu a wannan yanki ba baƙin makoki ba ne. Cikin masu zama a bencinku akwai waɗanda rikici ya koro daga Borno da Yobe da Adamawa, suka bar gonaki da kaburbura a baya. Akwai mai neman haihuwa, akwai wanda ya gama makaranta shekaru yana zaune. In duk Lahadi abin da muke da shi kawai “a tashi a taka”, muna koya musu cewa baƙin ciki ba shi da wurin zama a gaban Allah, sai su riƙa barinsa a gida, daga baya su ma su zauna a gida tare da shi. A nan Zumuntar Mata sun fi band nisa. Je ka gidan makoki ka ji abin da suke rerawa da dare. Ka roƙe su su koya wa matasa biyu ko uku daga ciki.

Rawa kuwa ba ni da faɗa da ita. Maryamu 'yar'uwar Haruna ta ɗauki kayan kiɗa mata suka bi ta da rawa a bakin teku, Dauda ya yi rawa a gaban akwatin alkawari, Zabura 150 ba ta bar kayan busa ko na kaɗawa ba. Lokacin baiko a taka, ranar godiyar kaka a taka sosai. Amma ba kowane sashe na sujada ne lokacin baiko ba. Waƙar da za ta kai mutane teburin Jibin Ubangiji daban take, wadda za ta biyo bayan wa'azi kuma ya kamata ta amsa wa'azin. Wannan yana nufin ka san nassin da fasto zai karanta tun tsakiyar mako. Ka riƙa tambayarsa, ko da shi bai saba a tambaye shi ba.

Yanzu maganar mai kibod. Masu cewa aikin Allah ba a biya, su karanta Nehemiya 13:10. Da Nehemiya ya dawo Urushalima ya tarar Lawiyawa da mawaƙa sun watse, kowa ya koma gonarsa, saboda an daina ba su rabonsu. Shugabanni ya tsawata wa, bai tsawata wa mawaƙan ba. A 1 Tarihi 25 an ƙirga horarrun mawaƙa 288 a ƙarƙashin Asaf da Heman da Yedutun, a 9:33 kuma an ce an ɗauke wa mawaƙa wasu ayyuka don suna kan nasu dare da rana. An sa Kenaniya a kan waƙa domin ya iya, haka 15:22 ta faɗa. Gwaninta tana cin lokaci, lokaci kuma abinci ne. Yaron da ke zuwa koyon kwaya, da na band, da sujada biyu ranar Lahadi, da addu'ar tsakiyar mako, da kowane aure da kowace jana'iza, yana biyan kuɗin Keke daga aljihunsa, ikkilisiyar da ke da hali ta bar shi haka ba ta kyauta ba. Wadda ba ta da halin albashi tana iya ɗaukar kuɗin mota, ko ta taimaka da kuɗin makaranta, ta kuma daina barin 'yan band suna haɗa kuɗin tsirkiyar jita da fatar ganga da kansu.

Amma akwai bambanci tsakanin ɗan gida da ake tallafa wa da ɗan haya. Mun san al'adar roƙo a ƙasar Hausa: makaɗi yana bin mai abin hannu, ya wasa shi, a yi masa liƙi. Sana'a ce mai tsarinta, amma in ta shigo majami'a takan sauya wanda ake yabo. Ka kula ranar ƙaddamar da faifai ko ranar tara gudummawa, yadda waƙa ke karkata ta koma kirarin babban baƙo. Ka kuma kula da wata ɗabi'a da ta yaɗu: da an gama yabo, fasto ya hau bagadi, sai 'yan band su zare jiki ɗaya bayan ɗaya, a same su a gindin bishiya suna hira har a zo waƙar rufewa. Wanda ba ya zama ya ji Maganar ba shi da abin da zai ja mutane zuwa gare shi. Amos 5:23 tana da zafi a kan wannan, inda Allah ya ce a kawar masa da hayaniyar waƙoƙinsu, ba zai saurari kiɗan molayensu ba, don rayuwarsu ba ta bi bakinsu ba. Wannan doka ta hau kan 'yan kwaya masu riga da hula daidai yadda ta hau kan mai jita.

Saboda haka kada ka amsa masa a tsaye a bakin ƙofa. Ka je inda yake zaune, ka ji halin da yake ciki. Sau da yawa wanda ya ce “a biya ni ko in tafi” abin da ke cikinsa shi ne shekaru yana yi ba wanda ya taɓa tambayarsa yadda yake ci. In buƙata ce, kai za ka kai maganarsa gaban dattawa, da bakinka, a rubuta abin da aka amince a kai da abin da ake jira daga gare shi: zuwa koyo a kan lokaci, zama har ƙarshen sujada, da koya wa yara biyu kibod, mace da namiji. Wannan na ƙarshen kada ka sassauta a kansa, domin majami'ar da mutum ɗaya ne ya iya kiɗa a cikinta kullum a tsorace take. In kuwa ka zauna da shi ka ga ciniki ne kawai, wani wuri ya taya shi da tsada, ku sallame shi da addu'a ba tare da ɓacin rai ba, kada kuma a yi wa'azi a kansa. Makonnin da za ku yi kafin yaran su ƙware, ku yi su da tulu da tafi da muryoyi huɗu na kwaya.

In za ka shiga wurin dattawa, ka tafi da takardar nan ta bencin baya, da tsarin wata ɗaya a rubuce: kowace Lahadi waƙar littafi biyu da aka gyara saurinsu, yabo na band da aka sauke ƙararsa da tsayinsa, fili ga Zumuntar Mata, sabuwar waƙa ɗaya tak a wata wadda za a maimaita har ta zauna. Ka nemi a ba ka wata uku kafin a yanke hukunci. Kafin ranar kuma ka kai wa shugabar Zumuntar Mata gaisuwa har gida, ka nemi ta ba ka mata biyu masu tulu su riƙa zuwa koyon band ranar Asabar.